Mudun Kwamfuta Ma Yana Buƙatar a Duba Gindinsa

Magidancin da ya je awon gero a kasuwar Daura ko ta Mai'aduwa ba ya sakin kuɗinsa sai ya ƙare wa mudun kallo. Wani ma har yakan karɓa ya kifa shi, ya duba ko an bubbuge gindin ya shige ciki, domin ya san abin da 'yar lotsawar nan ke ci kafin a gama auna buhu guda. Amma ranar da aka miƙo wa wannan magidanci zanen gidan da zai gina, an bugo shi fes daga kwamfuta, layuka sun miƙe samɓal, lambobi sun jeru reras, sai ya karɓa da hannu biyu ba tare da tambaya ba. A ganinsa abin da inji ya fitar ya fi ƙarfin kuskure. Wannan yarda ta makanta tana da tsada, kuma tsadarta za ta ƙaru a ƙasar Daura gwargwadon yadda zanen kwamfuta ke ƙara yaɗuwa.

Dalilin faɗin haka a fili yake. A shekarar 2019 aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura. A watan Disamba na wannan shekara marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashin Jami'ar Sufuri a garin, sannan a watan Fabrairu na 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara ya biyo ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Yaran da ke zaune a azuzuwan sakandare a Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa da cikin birnin Daura, daga cikinsu ne za a sami masu zana gadoji da kwalbatoci da asibitoci nan gaba kaɗan. Abin tsoro shi ne su ƙware wajen danna maɓallai alhali ba su san awo ba.

Ya kamata a fara fahimtar abin da manhajar zane ke yi. Tun 1963 wani ɗalibi mai suna Ivan Sutherland ya nuna a Amurka cewa ana iya yin zane a fuskar kwamfuta, kuma a 1982 kamfanin Autodesk ya fito da AutoCAD, wadda ta zama ruwan dare a ofisoshin injiniyoyi da masu zanen gine-gine. Irin wannan manhaja tana ajiye kowane layi ne a matsayin lambobi: ga inda ya fara, ga inda ya ƙare. Tana riƙe waɗannan lambobi da alƙaluma kusan goma sha biyar, abin da hannun ɗan Adam da fensir ba za su taɓa kamowa ba. Ta wannan fuska babu gardama, kwamfuta ta fi allon zane da rula nesa ba kusa ba. Sai dai fa ba ta taɓa taka filin ba. Ba ta riƙe tef, ba ta ga kwararo, ba ta san inda katangar maƙwabci ta tsaya ba. Hasali ma, a cikin AutoCAD layin da aka ce tsawonsa 10 ne, to 10 ne kawai. Ko milimita goma ake nufi, ko ƙafa goma, ko mita goma, wannan yana zuciyar mai zanen. Akwai gurbin da ake shaida wa manhajar ma'aunin da aka zaɓa, amma mai gaggawa yakan tsallake shi.

Ɗalibin da ya taɓa aiki da madubin likita a ɗakin gwaji ya riga ya san wannan matsala, ko da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba. A cikin gilashin da ake sa ido akwai wani ɗan ma'auni mai tsage-tsage ɗari. Waɗannan tsage-tsage ba su da suna, har sai an gwada su da wani gilashin da aka zana wa milimita guda aka raba ta gida ɗari. A madubi da yawa, idan an juyo gilashin da ke ƙara girma sau goma, tsaga ɗaya takan yi daidai da maikuromita 10, wato kashi goma cikin dubu na milimita. Idan kuwa aka koma kan mai ƙara girma sau arba'in, sai ta dawo kimanin maikuromita biyu da rabi. Jar ƙwayar jinin mutum tana da faɗin maikuromita 7 zuwa 8, saboda haka takan cika tsaga uku a ƙarƙashin gilashi na biyun. Ɗalibin da ya sauya gilashi ya mance bai sake gwaji ba zai rubuta maikuromita 30, ya ninka ƙwayar jinin sau huɗu, kuma madubin bai yi masa ƙarya ko kaɗan ba. Haka lamarin yake a zanen kwamfuta.

Kura-kuran da ke fitowa daga rikicin ma'auni iri biyu ne, kuma mai ban dariyar cikinsu ya fi sauƙi. Tun 1959 aka tsayar da cewa inci ɗaya milimita 25.4 ne cif. Idan aka ɗauko hoton ƙofa da aka zana da inci, mai faɗin 36, aka jefa shi cikin zanen da ake yi da milimita, ƙofar za ta fito ba ta kai tsawon kwalin ashana ba. Kowa zai gani, a yi dariya, a gyara. Mugun kuskure shi ne wanda ya yi kama da gaskiya. A ranar 23 ga Satumba, 1999, hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon da ta aika don nazarin yanayin duniyar Mas, domin manhajar kamfanin da ya ƙera shi tana ba da lissafin ƙarfin turi da ma'aunin Ingilishi, masu tuƙin kumbon kuwa suna karanta lambobin a matsayin ma'aunin mita. Bambancin ya kai ninki 4.45, amma da yake kaɗan-kaɗan yake shiga lissafi, an yi watanni tara ana tafiya a kansa. A 2006 kuma kamfanin Airbus ya shiga tsaka mai wuya da babban jirginsa A380: injiniyoyin Hambog a Jamus suna zane da tsohon zubin manhajar CATIA, na Tulus a Faransa suna yi da sabo, da aka zo haɗa jirgi sai wayoyin lantarki suka kasa kaiwa inda aka nufa. Jirgin farko bai isa hannun mai shi ba sai a watan Oktoba na 2007, kusan shekara biyu a makare.

Ba sai an je sararin samaniya ba. Nijeriya ta koma ma'aunin mita tun cikin shekarun 1970, amma har yau ana cinikin fili da "hamsin da ɗari", wato ƙafa 50 da ƙafa 100. Idan aka juya wannan daidai, ya zama mita 15.24 da mita 30.48, faɗin ƙasarsa kuwa murabba'in mita 464.5. Mutane da yawa don sauƙi sukan ce 15 da 30, wanda ya ba da 450. Tazarar da ke tsakani murabba'in mita goma sha huɗu da rabi ce, ta ɗara ɗaki mai ƙafa goma sha biyu ta kowane ɓangare. A ɗauka an yanka filaye goma a jere a bayan garin Daura, mai zane ya sa 15 a kwamfuta, dillali kuwa ya sayar da ƙafa hamsin, kowane mai gini ya ja tef ya ɗauki abin da ya biya. Kowa ya ci santimita 24. Kafin a kai gida na goma an ci mita biyu da santimita arba'in, kuma daga hanya za su fito ko daga filin mutumin ƙarshe. Irin wannan shari'a ce ke cika zauren mai unguwa, a yi ta rantse-rantse, alhali babu wanda ya yi niyyar zalunci.

Akwai kuma ƙananan ramuka da ke cikin manhajar kanta. Ana iya umartarta ta nuna alƙalami ɗaya kacal bayan ɗigo, sai shago mai faɗin mita 3.46 ya bayyana 3.5, magini ya jera irinsa goma, ya tarar ginin ya zarce fili da santimita 40. Layin kwamfuta ba shi da kauri, bango kuwa yana da shi: bulon da ake kira mai inci tara milimita 225 ne, don haka ɗakin da aka rubuta wa 3,600 daga tsakiyar bango zuwa tsakiyar bango, cikinsa 3,375 ne tun kafin a yi shafe. Wani lokaci kuma mai zane yakan ɗora bakin layi a kan kusurwa da ido, maimakon ya bar manhajar ta cafko kusurwar da kanta. A fuskar kwamfuta sun haɗu, amma da za a kusanto da hoton sai a ga giɓi. Sannan ga shagon buga takardu. Zanen da aka tsara wa babbar takarda A3, idan aka matse shi ya shiga A4, komai nasa ya ragu zuwa kashi 71 cikin ɗari, sikelin 1:100 ya koma kusan 1:141. Birkilan da ya ɗora rula a kan wannan takarda ya ga santimita biyar zai haƙa mita biyar, a inda ake nufin bakwai. Maganin wannan na ƙarshe masu nazarin halittu sun daɗe da shi: ba sa fitar da hoton ƙwayar halitta sai da ɗan layin ma'auni a gefensa, domin in hoton ya ƙanƙance layin ma ya ƙanƙance tare da shi. Babu dalilin da zai sa zanen gini ya bar ofis ba tare da irin wannan layi ba.

Duk waɗannan kura-kurai ne, kuma ɗan Adam ajizi ne. Abin da bai kamata a kira kuskure ba shi ne yadda wasu ke "gyara" su. Manhajar zane tana ba da damar a goge lambar da ta lissafo a kan layi, a rubuta wata da hannu. An tanadi wannan dama don wasu buƙatu na musamman, amma ta zama mafakar malalaci. Ya ga bango ya nuna 3,420, shi kuwa 3,600 yake so, dare ya yi, mai aiki yana jira, sai ya shafe lambar ya rubuta abin da ake so a gani, bangon yana nan yadda yake. Daga wannan lokaci zanen ya zama mai baki biyu. Mai karanta takarda zai ga 3,600, mai lissafin bulo da rodi daga cikin kwamfuta zai sami 3,420, kafinta mai yin rufi zai bi ɗaya, mai sa tayil ya bi ɗayan. Mafi muni, lambar da aka rubuta da hannu ta mutu: ko an ja bangon gobe an ƙara masa mita guda, ba za ta motsa ba. Wannan bubbuge gindin mudu ne, illa dai an yi shi da yatsa ba da guduma ba, kuma malamin da ya kama ɗalibi yana yin haka ya kamata ya hukunta shi kamar wanda ya shigo jarrabawa da satar amsa. Lamba inuwar layi ce. In ta karkace, layin za a miƙe.

To, yaya ake gyara na gaskiya? Hanyar ba ta da wuya, kuma ta yi kama da aikin likita. A nemi tsawo guda da aka tabbatar da shi a ƙasa, alal misali gaban wata tsohuwar katanga da aka auna da tef sau biyu, a sa manhajar ta faɗi tsawon wannan layin a cikin zane, sannan a raba ɗaya da ɗaya. Amsar da ta fito ita ce sunan cutar. In ta ba da 25.4, inci da milimita ne suka cakuɗe. In 1,000 ce, mita da milimita. In 3.28 ce, ƙafa da mita. In ta kusa 1.41, takarda ce aka matse. Sai a maimaita gwajin a wani gefe na zanen. Idan amsar ba ta sauya ba, ciwon na jiki duka ne, kuma umarni guda na faɗaɗa zanen ko rage shi da wannan adadi ya wadatar. Idan kuwa nan ta ba da wani abu can ta ba da wani, to babu gajeriyar hanya: akwai layukan da ba su haɗu ba ko lambobin da aka rubuta da hannu, dole a bi su ɗaya bayan ɗaya. Bayan an gama, a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta. Fili mai mita 15 da 30 da ya zauna daidai zai ba da mita 33.54 ta kowace fuska, mai ƙafa hamsin da ɗari kuwa 34.08. In biyun suka saɓa, filin ya murɗe, komai kyan da ya yi a ido.

Shi kansa gyaran yana buƙatar a bi bayansa. A 2003 ana gina gada a kan kogin Rayin a garin Laufenburg, tsakanin Jamus da Suwizalan. Jamusawa suna auna tudu daga matakin Tekun Arewa, Suwizawa kuwa daga na Bahar Rum, kuma injiniyoyin sun san sarai cewa akwai bambancin santimita 27 a tsakani. Sun yi gyaran, amma inda ya kamata a ɗebe sai aka ƙara, bambancin ya zama santimita 54. Da ba su gyara ba ma da ɓarnar ta tsaya a rabi. Duk aikin da zai tsallaka iyaka, kamar layin dogon da ya nufi Maraɗi, yana da darasi a nan.

Wani zai ce ai wannan duk tsohon zance ne, yanzu akwai na'urorin safiyo masu magana da tauraron ɗan Adam, waɗanda ke zuba lambobi kai tsaye cikin kwamfuta ba tare da hannu ya taɓa ba. Gaskiya ne sun rage kura-kurai masu yawa. Amma sun zo da nasu. Duniya a dunƙule take, taswira kuwa a shimfiɗe, kuma ba a shimfiɗa ƙwarya ba tare da wani wuri ya matse ba. A tsarin taswirar da ake kira UTM, Daura ta faɗa shiyya ta 32, kusa da tsakiyarta, inda tsawo ke ɗan raguwa: kilomita guda a ƙasa takan bayyana a taswira da ragin kimanin santimita 30 zuwa 40. Ga mai ginin ɗaki wannan ba komai ba ne. Ga mai shimfiɗa dogo na kilomita goma, mita uku zuwa huɗu ke nan, a aikin da tazarar ƙarafunansa milimita 1,435 ce kuma 'yan milimitoci kawai ake yafewa. Bugu da ƙari, tsofaffin taswirorin Nijeriya an gina su ne a kan tushen awo na Minna, na'urorin tauraro kuwa suna aiki da tushen duniya na WGS 84, kuma wuri ɗaya yana iya bambanta da mita gommai tsakanin biyun. Ita kuwa wayar hannu, da wasu ke zagaya fili da ita suna cewa sun auna, takan kauce da mita huɗu ko biyar ko da sama a buɗe take, wato kusan sulusin gaban filin. Ko tef ɗin ƙarfe ma yana da nasa hali: a zafin digiri 20 aka daidaita shi, don haka mai mita 30 yakan ƙara kimanin milimita bakwai a ranar Afrilu da zafi ya kai digiri 40. Na'ura ba ta kawar da buƙatar sanin awo ba. Ta dai ɗaga matsayin sanin da ake buƙata.

A nan ne maganar ta dawo kan makarantun sakandare. Sau da yawa akan ji malamai na kukan cewa babu kwamfuta, ko akwai amma babu wuta, saboda haka ba za a iya shirya yara don aikin zamani ba. Kukan yana kan hanya, kuma hakkin hukuma ne ta share shi. Amma mafi muhimmancin rabin wannan ilimi ba ya buƙatar wuta. Maɓallan manhaja ana koyonsu cikin 'yan makonni, kuma suna sauyawa da kowane sabon zubi. Abin da ke ɗaukar shekaru shi ne ido ya saba da girman mita, zuciya ta ƙi amincewa da lambar da ba ta da suna a bayanta, hannu ya saba da auna abu sau biyu. Magabata suna da wannan tarbiyya. Mai haƙar rijiya yana lissafi da gaba, mai sayar da ƙyalle da kamu, kuma kowa ya san cewa gabar dogo ba ɗaya take da ta gajere ba, shi ya sa ake tambayar ta wane ne kafin a ƙulla ciniki. Maginan da suka ɗaure rufin soraye da azara a fadar Daura ba su da alƙaluma goma sha biyar, amma sun san iyakar abin da ma'auninsu zai iya. Tambayar nan ta "da ma'aunin wa?" ita ce aka yar a hanya, kuma ita ce ya kamata malamin lissafi da na kimiyya da na zanen fasaha su haɗu su maido.

Darasi guda na minti tamanin ya isa a fara. A raba aji gida shida, a ba kowane rukuni abin awo daban: wannan tef na ƙarfe, wancan tef na tela, wani rular allo, wani igiya da aka ƙulla a kowace mita, wani kuma takun ƙafa. Kowa ya auna tsawo da faɗin ajin, da kusurwa zuwa kusurwa, ya rubuta a allo tare da sunan ma'auninsa. Amsoshi shida za su fito mabambanta, kuma aikin ɗalibai shi ne su gano dalilin kowane bambanci, su yi shawarar wadda za a ɗauka, su faɗi iyakar yardarsu da ita, ko santimita ɗaya ce ko biyar. Daga nan su zana ajin a takarda a sikelin 1:50, da layin ma'auni a gefe, a kai shagon kwafi a rage shi da gangan, a ba wani aji su nemo tsawon bangon daga ragaggiyar takardar. Makarantar da ke da kwamfuta sai ta ƙara mataki ɗaya: malami ya ɓoye lamba guda da aka rubuta da hannu a cikin zanen, ya ba ɗalibai minti goma su zaƙulo ta.